Sunan Wa Ke Jikin Wuƙar? Daga Solingen Zuwa Bodinga

Makalar yau a kan ƙaramin abu take, abin da ake jefawa a aljihu a manta da shi. Amma ku gyara zama, tafiyar tana da ɗan nisa.

Ana saura kwana uku babbar Sallah da ta wuce na je gida Bodinga, aka sa ni neman wuƙaƙen fiɗa a tsohuwar adakar kakanmu, Allah Ya jiƙansa. A can ƙasan adakar na ci karo da wuƙa biyu naɗe cikin tsumma ɗaya. Ɗaya ƙirar gida ce, ruwanta bai fi tsawon tafin hannu ba, ƙotarta ta icce, kubenta na jar fata ya koma baƙi saboda gumi da shekaru. Ɗayar kuwa wuƙar aljihu ce mai ninkewa, da ɗan zobe a gadon bayanta wanda sai ka ja shi ruwan wuƙar ke yarda ya koma cikin ƙota. Na goge tsatsar da toka, sai ga hoton wata dabba mai kama da barewa, ga suna a rubuce, Okapi, ga kuma sunan ƙasar Jamus.

Ban yi minti goma ina latsa waya ba na san garin da aka ƙera baƙuwar wuƙar da shekarar da aka fara yin irinta. Ta gidan kuwa na kwana biyu ina tambaya. Baffana, wanda shi ne babba a gidan yanzu, iyakar abin da ya iya tunawa shi ne wani maƙeri ne na wajen Sifawa, kuma kaka ba ya yarda kowa ya taɓa ta. Sunansa fa? Ya yi shiru, ya girgiza kai. Kuma da na wasa su duka biyun, ta gidan ce ta feɗe rago ba a sake wasa ta ba.

Wannan ne ya sa ni bin diddigin maganar.

Bari in fara da yadda abin yake a wasu ƙasashe yau, don a gane inda na dosa. Akwai maƙeran wuƙa da ke aiki su kaɗai a ɗan shagonsu, su yi wuƙa ɗaya a mako ko biyu, da hannu, su sayar da tsada. In wani kamfani ya ga ƙirar mutum ta yi kyau, sai ya je ya yi yarjejeniya da shi: ka ba mu zanenka, mu buga dubbai a masana'anta da inji, mu sa sunanka a jikin kowace ɗaya, mu kuma riƙa ba ka kaso daga cinikin. Kamfanin Spyderco na Amurka ya yi haka da wani maƙeri mai suna Bob Terzuola a 1990, kuma tun daga lokacin abin ya zama ruwan dare. Kamfanin Kershaw ya ɗauki Ken Onion na tsibirin Hawaii. Kamfanin Böker na Jamus yana buga zanen Jens Ansø da Jesper Voxnæs, 'yan ƙasar Denmak. Wani maƙerin ƙasar Finlan, Pekka Tuominen, ya ɗauki wuƙar gargajiya ta mutanensu wadda suke kira puukko, wadda asalinta a kube take kamar tamu, ya mayar da ita mai ninkewa, Spyderco ya buga ta da sunan Nilakka, sunan wani tafki na ƙasarsu. Yau masu sha'awar wuƙa sukan zauna suna gardama a kan ƙirar mutanen Denmak da ta mutanen Afirka ta Kudu kamar yadda muke gardama a kan kilishin wannan gari da na wancan.

To ina namu? Don a amsa wannan sai an koma baya sosai.

Ƙira ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Labarin kafuwar Kano kansa da maƙera ya fara, Abagayawa, waɗanda aka ce kakansu ya taso daga Gaya yana neman tama har ya zauna kusa da dutsen Dala. A nan ƙasarmu kuwa, lokacin da Shehu Usmanu ya koma Sifawa bayan faɗuwar Alƙalawa, ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Bodinga, har zuwa 1815 da Shehu ya tashi zuwa Sakkwato, wannan ɗan tsakanin namu shi ne cibiyar daula. Ku ƙiyasta yawan ƙarfen da irin wannan zama yake ci: kan mashi da kibiya, linzami da likkafa, ga kalme da gatari na masu noman da za su ciyar da taron. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a wasiƙar shawarwarin mulki da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa maƙera cikin masu sana'ar da ya wajaba shugaba ya kula da su ya zaunar da su a garuruwansa. Unguwar Maƙera Assada da ke cikin Sakkwato har gobe shaida ce cewa maganar ba a takarda ta tsaya ba.

Kuma ƙarfen namu ne tun daga ƙasa. A haƙo tama, a gina rahoniya da yumɓu, a cika ta da gawayin ƙirya, a kwana ana fama da wuta kafin a fito da dunƙulen ƙarfe. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Sakkwato a 1853, ya kuma bi ta Bodinga a hanyarsa ta zuwa Gwandu. Ya yaba ƙarfen da ake sayarwa a kasuwar Sakkwato, ya ce ya fi na Kano kyau, ya kuma yaba linzaman garin da aikin fatarsa. ('Yan uwa Kanawa na wannan zaure, ba ni na faɗa ba, ku nemi Bature.)

Sai dai shi wannan Barth ɗin ya rubuta wani abu da ya fi damuna. Da ya zauna a Kano a 1851 ya lura ana shigo da ruwan takobi ta hamada, kimanin 50,000 a shekara a ƙiyasinsa, kuma akasarinsu daga Solingen, wani gari a Jamus da ba shi da sana'ar da ta wuce wuƙa da takobi da almakashi. Har askar aski ya gani daga yankin Sitiriya na ƙasar Ostiriya. Ruwan takobin yakan zo tsirara. A Kano ake sa masa ƙota, dukawa su ɗinka masa kube, sannan ya bazu zuwa Azbin da Barno da Nufe da sauran wurare. Wato shekaru hamsin kafin Turawan mulki su iso Giginya a 1903, masana'antar Turai ta riga ta san girman hannunmu da irin takobin da muke so. Aikin haɗin gwiwa ne tun wancan lokacin, rabi nasu rabi namu. Bambancin kawai, tambarin da ke jikin ƙarfen nasu ne.

Ga inda abin ya fi ciwo. Masu nazarin takubban Buzaye da na Hausawa da ke gidajen tarihi sun gano cewa da yawa daga cikin masu ɗauke da tambarin Turai, irin su hoton kyarkeci mai gudu ko jinjirin wata mai fuska, ba a Turai aka ƙera su ba. A nan aka yi su. Maƙerinmu ne ya ƙera takobinsa da hannunsa, sannan ya ɗauki kurfi ya kwaikwayi alamar wani Bajamushe ya buga a kai, don mai saye ya fi sakin kuɗi in ya ga alamar. Wasu ma sun ɗauki alamun a matsayin wani asiri da ke ƙara wa takobi ƙarfi. Ba na zargin maƙerin, kasuwa ya bi. Amma ku duba lamarin da kyau: mutumin da ya san amfanin tambari har ya iya kwaikwayonsa, bai ga dalilin buga nasa ba.

Me ya sa? A ganina saboda bai buƙata ba. A gari kamar Bodinga ko Shagari ko Yabo, mai saye ya san maƙerinsa, ya san ubansa, watakila ma tare aka yi musu kaciya. Barunje zai zo ya ce yana son barho mai faɗin kaza, wanzami ya ce askarsa ta cika nauyi a rage mata, baduku ya kawo tsohuwar wuƙar yankan fatarsa ya ce a yi masa irinta sak amma a ƙara lanƙwasa bakin. Wannan shi ne ainihin abin da masu kuɗin Turai ke biyan maƙudan kuɗi a kansa yau, wuƙar da aka yi don hannun mutum ɗaya. Mu a wurinmu shi ne abin yau da kullum. Sunan maƙerin a bakin mutane yake, ana cewa wannan ƙirar wane ce, kuma in ta karye an san ƙofar da za a je. Suna na baki kuwa iyakarsa inda ƙafar masu faɗinsa ta kai, kuma in suka mutu ya bi su. Abin da ya sami maƙerin kakana ke nan.

Su kuwa can da wuri suka mayar da suna dukiya. A Shefil ta Ingila ƙungiyar maƙeran wuƙa ta sami amincewar majalisar dokoki tun 1624, tana rajistar tambarin kowane maƙeri. A Jamus an yi doka a 1938 da ta hana a rubuta Solingen a jikin wuƙar da ba a can aka yi ta ba.

Yanzu sai wuƙar aljihun kanta. Okapi, irin ta adakar kaka, an fara yin ta a Solingen a 1902, shekara ɗaya kafin a ci Sakkwato, kuma tun farko don kasuwar Afirka aka yi ta, musamman ƙasashen da Jamus ke mulka. Sunan ma na wata dabbar dajin Kwango ce da Turawa suka fara sani a 1901, ana ta yayinta a lokacin. Wuƙa ce mai araha, ƙarfenta mai saurin ɗaukar kaifi, mai saurin tsatsa kuma. Ta bazu har Jamaika, inda 'yan iskan gari suka mayar da ita abin ado. A 1988 aka kwashe aikinta daga Jamus aka mayar Afirka ta Kudu, wato wadda na tsinta ta girmi wannan shekarar.

Amma wadda labarinta ya fi tsaya mini a rai ta Faransa ce. A garin Thiers, wanda shi ne Solingen ɗin Faransawa, wani mai masana'anta Gaspard Cognet ya fito da wata wuƙa a 1929 da ya sa wa suna Douk-Douk. Babu wuƙar aljihu mai sauƙin haɗi kamarta: falle ɗaya na ƙarfe aka ninka ya zama ƙota, sai ruwan wuƙa, sai sifirin mai ƙarfi a baya, ƙusa biyu, da ɗan mariƙi na rataya. Shi ke nan, gutsure shida. Ya yi ta ne don mutanen tsibiran tekun Fasifik, har ya zana dodon al'adarsu a jikin ƙotar. Can ba ta karɓu ba. Sai aka juya da ita Arewacin Afirka, ta kama kamar wutar daji, ta tsallako hamada zuwa ƙasashen da Faransa ke mulka. A lokacin yaƙin ƙwatar 'yancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, ta yi suna a hannun mayaƙa har hukumomin Faransa suka hana shigar da ita ƙasar.

To da masu kamfanin suka lura Musulmi da yawa ba sa son hoton dodo a aljihunsu, sai suka fito da wata mai suna El Baraka. Me suka zana a madadin dodon? Alamar nan ta Agadas, wadda maƙeran farin Azbin suka gada kaka da kakanni suna zubawa da azurfa, wadda matanmu ke ratayawa a wuya. Sunan Larabci ne, zanen na Agadas ne, mai saye ɗan Afirka ne. Suna da riba na Thiers. Har yau ana yin ta. Ga ƙirar yankinmu a jikin wuƙar masana'anta, sai dai babu maƙeri ko ɗaya daga Agadas da aka rubuta sunansa.

Kada a ce duk Afirka haka aka bar ta. Chris Reeve haifaffen Durban ne a Afirka ta Kudu, a can ya koyi aikin ƙarfe ya fara ƙera wuƙa kafin ya koma jihar Idaho ta Amurka a 1989. Shahararriyar wuƙarsa ta aljihu sunanta Sebenza, kalmar Zulu ce mai nufin aiki. Dabarar da ya ƙirƙiro ta kulle ruwan wuƙa da ɓangaren ƙotar kanta, yau kamfanoni bila adadin ke amfani da ita, kuma masu sana'ar sun san tasa ce. Amma a faɗi gaskiya, shi Bature ne da ya tashi a ƙasar da ke da masana'antar ƙarfe da injinan yanka da ƙungiyar maƙeran wuƙa mai tantance aiki. Ba daga gindin zugazugi ya yi tsalle ya faɗa kasuwar duniya ba.

Nan ne maganar ta dawo gida, har cikin Shagari. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai da tarkacen inji suka cika kasuwa, narkar da tama ta fara mutuwa a hankali, don wa zai kwana a bakin rahoniya alhali ga ƙarfe a shirye da araha? Maƙeri ya tashi daga mai yin ƙarfe ya koma mai jiran abin da mota ta yar. Sai ga shi ɗan wannan yanki namu, Alhaji Shehu Shagari, ya zama shugaban ƙasa a 1979, kuma ƙarfe na cikin manyan abubuwan da gwamnatinsa ta ɗora wa buri. Shi ya aza harsashin Ajakuta a 1980, aikin da aka ba Tarayyar Sobiyet. A zamaninsa aka buɗe masana'antar ƙarfe ta Aladja a 1982, ga kuma na murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo. Sojoji suka kifar da shi a ranar ƙarshe ta 1983. Shekara arba'in da wani abu ke nan, babbar tukunyar narkar da tama ta Ajakuta ba ta taɓa aikin da aka gina ta dominsa ba. Ba siyasa na kawo ba, kowa ya riƙe jam'iyyarsa. Abin da nake cewa shi ne, a ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunan mutumin da ya aza harsashin Ajakuta, maƙeri har yau da sifirin ɗin tsohuwar mota yake ƙera wuƙar layya.

Kuma wuƙa mai ninkewa ba ta yafe irin wannan. Wuƙar kube in ƙarfen ya ɗan yi kauri nan ya sirance can, ba komai, dutsen washi zai gyara. Mai ninkewa kuwa dole ramin ƙusa ya zauna daidai, dole sifirin ya danna da ƙarfi ɗaya yau da gobe, in ba haka ba ko ta yi sako-sako ko ta rufe a kan yatsan mai ita. In kana son guda dubu iri ɗaya sai da fallen ƙarfe mai kauri ɗaya da injin da zai huda shi wuri ɗaya. Ba basira ce ta gagare mu ba. Mutanen da ke ƙera tarko mai sifirin da kunamar bindigar toka ba za a koya musu yadda ƙarfe ke lanƙwasa ya dawo ba.

Mu ma masu saye muna da namu laifin, kuma ba zan cire kaina ba. Mutum zai ba da kuɗin da aka faɗa masa ba ko tayi a kan wuƙar Sin mai ƙyalli, irin waɗanda ake bugawa a Yangjiang ko Wazirabad ta Pakistan, wadda ba za ta kai Sallah biyu ba. Amma ya tsugunna gaban maƙeri ya yi rabin sa'a yana neman ragin naira ɗari. Ga kuma halin tsaron da muke ciki, wanda ya sa duk mai ƙera abu mai kaifi sai ya yi ta kallon bayansa, yaro kuma in an tsinci wuƙa a aljihunsa a shingen bincike sai ya yi bayani mai tsawo. Kakanninmu da wuƙa a damtse suke zuwa kasuwa ba wanda ya ɗaga ido.

Bayan Sallah da kwana biyu na ɗauki wuƙaƙen nan biyu na kai wa wani dattijon maƙeri a gefen kasuwa. Na tarar jikansa na jan zugazugi, shi yana gyaran bakin kalme, don damina ta kusa. Ya karɓi Okapin ya buɗe ya rufe sau uku yana kasa kunne ga ƙarar haƙoranta, ya ce ya san ta, a da fatake na zuwa da ita. Ya karɓi ta gidan ya daɗe yana juya ta, ya bi gadon bayanta da babban yatsa, ya ce wanda ya yi wannan ba ya gaggawa.

Na ce, "Baba, za ka iya yi mini mai ninkewa, amma da bakin wannan ta gidan?"

Ya yi dariya. Ya ce, "Ɗana, yi ba wuya. Kwana uku za ta ci mini. A kwana ukun nan kalme nawa zan fitar? Kai za ka biya kuɗin kalmen?"

Na ce zan biya. Na ce amma da sharaɗi ɗaya, sai ya buga alamarsa a gindin ruwan wuƙar. Ya dube ni kamar na yi wani yare, ya ce wace alama, shi da kowa ya san shi daga nan har Danchadi? Jikan ne ya saki zugazugin ya ce shi zai zana masa, ai a makaranta ya iya rubuta sunan gidansu da boko da ajami. Tsohon ya daka masa tsawa ya koma bakin wutarsa.

Na ba da kafin alƙalami. An ce in dawo bayan an gama shuka.